Idan Garuruwa Suka Haɗe, Wane Suna Za Mu Ba Su?

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, da malamanmu, da sauran masu karanta wannan mujalla, ina so ku ara mini hankalinku kaɗan a kan wata magana wadda in an dube ta sama-sama sai a ce ta cikin aji ce kawai, alhali kuwa jijiyarta ta kai har cikin zaman jama'a. Maganar kuwa ita ce ta sunan da ya kamata mu ba garuruwan nan da suka yi ta girma, kowanne yana miƙe ƙafa wajen maƙwabcinsa, har dajin da ke tsakaninsu ya ƙare, suka zama kamar gari ɗaya.

Duk wanda ya taɓa koyar da labarin ƙasa ya san akwai darasi a kan wannan, ya kuma san yadda a kan yi da shi. Malami ya rubuta kalmar Turanci a allo, yara su kwafe, su haddace, ranar jarrabawa su zuba ta a takarda, a ba su maki. Amma in ka tare ɗayansu a bakin ƙofa ka ce ya gaya maka da Hausa abin da ya rubuta, sai ya ce, "Ai babban birni ke nan." To, a nan gizo ya ke saƙa. Wannan amsa ba daidai ba ce, yaro kuwa ba shi da laifi, ba a dai ba shi kalmar da zai kama ba ne. Abin da ni ke so in nuna shi ne, muna bukatar kalmar Hausa a wannan wuri, har ma ba ɗaya ba, uku, kuma rashinsu yana jawo hasarar da ta fi ta maki.

Kalmomi uku ne Turawa su ke aiki da su a nan, jaridu da masu jawabi kuwa sun cakuɗa su kamar duk abu guda ne. Sai mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, mu ga inda kowacce ta fito.

Ta farko ita ce conurbation, wadda ta fi ba yara wahala. Wanda ya ƙago ta wani mutumin Sikotilan ne, sunansa Patrick Geddes, a cikin littafinsa mai suna Cities in Evolution, wanda ya fito a 1915. Asalin ilminsa na tsirrai ne, shi ya sa ya ke duban gari kamar abu mai rai, mai yaɗo. Ya ɗauko guntayen kalmomi biyu na Latin, ɗaya ma'anarta "tare", ɗaya kuma "birni", ya ɗinke su. Abin da ya sa shi neman sabuwar kalma, ya ga wani abu a ƙasarsu wanda tsofaffin kalmomi ba su iya ɗauka. Ga Manchesta, ga garuruwan saƙa da ke kewaye da ita, irin su Salford da Bolton da Oldham da Rochdale. Kowannensu tsohon gari ne mai kasuwarsa da hukumarsa da alfaharinsa. Da masana'antun auduga suka yawaita, aka ja hanyar jirgin ƙasa, aka yi ta jera gidajen ma'aikata a bakin hanya, sai aka wayi gari mutum ya fita daga wannan ya shiga wancan bai ga gona ba. Haka aka yi a kewayen Bamingam, haka kuma a bakin kogin da Gilasgo ta ke. Ba a iya cewa gari ɗaya ne, don kowanne yana nan da sunansa. Ba a kuma iya cewa garuruwa ne daban-daban, don gininsu ya haɗe, abincinsu ya haɗe.

Ku lura da kyau, a cikin wannan ma'ana babu zancen yawan mutane. Sharuɗɗanta uku ne. Na ɗaya, garuruwan su zama da can kowanne zaman kansa ya ke yi. Na biyu, gine-ginensu su gamu. Na uku, mutanensu su zama suna neman abinci tare, mutum ya kwana a wannan, ya yi aiki a wancan, ya kai ɗansa asibiti a na uku. Misalin da ya fi fitar da wannan a fili shi ne yankin Ruhr na Jamus, ƙasar kwal da ƙarfe, inda Essen da Dortmund da Duisburg da Bochum da waɗansu da dama suka manne da juna. Mutanen yankin sun kai kimanin miliyan 5, amma babu birni ko ɗaya a ciki mai mutum miliyan 1, babu kuma wanda za a nuna a ce shi ne uba, sauran 'ya'ya.

Ta biyu ita ce megalopolis. Wannan tsohuwar kalma ce ta Girkanci, ma'anarta "birni mai girma", kuma sunan wani gari ne na gaske. Wajen shekara 370 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen Arkadiya a ƙasar Girka suka tattara mazauna ƙauyuka masu yawa cikin ganuwa ɗaya don su tare wa mayaƙan Sparta hanya, suka raɗa wa sabon garin wannan suna. Bahaushe ba zai yi mamakin dabarar ba, gama haka kakanninmu su kan yi a zamanin yaƙi. Wanda ya ba kalmar ma'anar da ta ke da ita yanzu shi ne Jean Gottmann, masanin labarin ƙasa daga Faransa, a littafin da ya fitar a 1961. Ya yi shekaru yana binciken gaɓar teku ta arewa maso gabashin Amurka, daga Boston zuwa Washinton, tafiyar da ta haura mil 400, ta bi ta Niyok da Filadalfiya da Baltimo. A 1960 mutum kimanin miliyan 37 ke zaune a wannan tsiri, watau ɗaya cikin kowane biyar na mutanen Amurka a lokacin. Amma fa bai ce duk gini ne ba. Ya nuna akwai dazuzzuka da gonaki masu yawa a tsakani. Abin da ya ɗaure biranen shi ne hanya, da jirgi, da waya, da ciniki. Irin wannan a ke gani a Japan, daga Tokiyo ta Nagoya zuwa Osaka, inda jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya fara aiki a 1964, a kan hanya mai tsawon mil 320.

Ta uku ita ce megacity, wadda ta fi shiga bakin mutane a ƙasarmu. Ita wannan ba ruwanta da siffar gari ko tarihinsa, ma'auni ce kawai, kamar mudu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kan kira birni da wannan suna in mutanensa sun kai miliyan 10. A 1950 biyu ne tak a duniya, Niyok da Tokiyo. A lissafin Majalisar na 2018 sun kai 33, uku daga ciki a Afirka, watau Alƙahira da Ikko da Kinshasa.

Ga wani abu da ya isa ya nuna wa mai shakka cewa ma'anar kalma ba wasa ba ce. A lissafin nan na 2018, Tokiyo ce kan gaba da mutum miliyan 37, Jakarta ta Indonisiya kuwa tana can baya da miliyan 10 da ɗoriya. Da Majalisar ta fitar da sabon lissafi a 2025, sai ga Jakarta ta zama ta ɗaya da kusan miliyan 42, Tokiyo ta koma ta uku da miliyan 33. Shin mutum miliyan 30 ne suka yi ƙaura zuwa Jakarta cikin shekara bakwai? Ko kusa. Ma'aunin aka sake. Da, an bi iyakar da hukuma ta shata wa birnin; daga baya aka bi inda gini da cunkoson jama'a suka kai, sai garuruwan da suka manne da Jakarta suka shigo cikin lissafi. Ashe in ba ka san abin da a ke nufi da "birni" ba, ba ka san ko mutum nawa ke cikinsa ba.

To, mu dawo gida mu duba rumbunmu. Hausa ba matalauciya ba ce wajen sunayen mazauni. Muna da tunga, da ƙauye, da unguwa, da gari, da alƙarya, da maraya, da birni, da zango. Kowanne da inda ya ke zama. Birni a asali gari ne mai ganuwa da ƙofofi, shi ya sa har yau Bakano ya ke raba "cikin birni" da "waje". Amma duk kalmomin nan an yi su ne a zamanin da kowane gari ke da bakinsa, ka fita ƙofa ka shiga gonaki, ka wuce gonaki ka shiga daji, sa'an nan ka hango garin gaba. Ba su san garin da ba shi da baki ba.

"Babban birni" da yara su ke faɗi ba za ta yi ba, don ta riga ta sami aiki. In ka ce babban birnin Nijeriya, kowa ya san Abuja ka ke nufi, ko da ya ke Ikko ta fi ta mutane nesa ba kusa ba. "Haɗaɗɗen birni" ta so ta yi, sai dai samarin yanzu sun kwashe kalmar sun kai ta wani wuri. In ka ce musu gari haɗaɗɗe ne, sai su ɗauka kyaunsa ka ke yabo. "Tagwayen birane" tana da daɗi, amma ta tsaya ga biyu. "Birni da kewaye" kuwa kalma ce mai kyau ƙwarai, kada mu yar da ita, sai dai tana nuna akwai kai, akwai mabiya. Ta dace da Kano, inda birni ɗaya ya fita daga ganuwarsa ya yi ta haɗiye ƙauyukan da ke gefensa. Ba ta dace da Ruhr ba.

Saboda haka ga shawarata. Garuruwan da suka gamu, irin waɗanda Geddes ya gani, mu kira su gamayyar garuruwa. Tsirin nan mai tsawo na Gottmann, mu kira shi jerin birane. Wanda mutanensa suka kai miliyan 10 kuwa, mu ce ƙasaitaccen birni.

Na zaɓi "gamayya" ne don dalili biyu. Na farko, tushenta shi ne gamuwa, abin da ya faru ke nan sosai: wannan ya taho, wancan ya taho, suka gamu a hanya. Na biyu, a cikin gamayya ba wanda ya ke rasa sunansa. In an ce gamayyar ƙungiyoyi, kowa ya san kowace ƙungiya tana nan da shugabanta, sun dai haɗa kai ne a kan abin da ya dame su duka. Na ce "garuruwa", ban ce "birane" ba, don sau da yawa waɗanda suka gamu ɗin ba duka ne suka isa a kira su birni ba. "Jeri" kuwa yana nuna abubuwa a layi ɗaya, kamar duwatsun wuya a zare, kowane dutse daban, zare ɗaya ya riƙe su.

In yaro ya sami waɗannan uku, zai iya rarrabe abin da idonsa ke gani. Jos da Bukur, waɗanda haƙar kuza ta raya su, tsakaninsu bai fi mil 10 ba, yanzu sun gamu: gamayya ce, amma ba ƙasaitaccen birni ba. Anacha ta gamu da Nkpor da Obosi da Ogidi, ga kuma Asaba a ƙetaren Kwara, wadda gadar 1965 ta ɗaura ta da su, ko da ya ke jiharta daban. Ikko kuwa ta haɗa biyu: gamayya ce, kuma ƙasaitaccen birni ce. Jerin birane fa, muna da shi? Yana tafe. Ku dubi gaɓar teku daga Abijan, ta Ankara da Lome da Kwatano, zuwa Ikko, tafiyar da ta haura mil 600, ta ratsa ƙasa biyar. Akwai sauran gonaki da fadamu a tsakani, amma hanya ɗaya ce, ciniki ɗaya ne. Fatakenmu sun riga masana sanin wannan, gama babu birni a jerin nan da ba shi da unguwar Hausawa, mai goro da mai albasa da mai shanu su kan tashi daga wannan zango su sauka a wancan kamar masu zaga dangi.

Na san wani zai ce, "Malam, me ya kawo wannan wahala? Ba mun ari mota da tebur da asibiti ba? A bar kalmar Turanci mana, baki zai saba da ita." Ni ba na ƙin aro, harshen da ba ya aro ya mutu. Amma akwai bambanci. Mota abu ce da yaro zai gani ya taɓa. Ko da wane suna ka kira ta, ya san abin da ka ke nufi. Abin da mu ke magana a kansa ba a taɓa shi da hannu, da hankali a ke kama shi. In ka ba yaro baƙuwar kalma a irin wannan wuri, ka ba shi buhu ne ba hatsi. Ɗan Bature ma da ya ji kalmar yana da abin kamawa, don a harshensu akwai 'yan'uwanta da ya saba ji. Namu ba shi da kome sai hadda. Ban ce kada a koya masa ta Turancin ba, ai da ita zai yi jarrabawa. Na ce dai a fara ba shi ta gida, in ta zauna, sai a ɗora baƙuwar a kanta.

Wani kuma zai ce kalma biyu ta yi tsawo. To, jirgin ƙasa fa? Gidan waya fa? Majalisar Ɗinkin Duniya ma uku ce, ba wanda ya taɓa kuka da ita. Hausa ta saba ɗaura kalma da kalma.

Mai magana na uku shi ne ya fi cancanta a tsaya a amsa masa. Shi cewa zai yi, "Wannan gardamar malamai ce. Me ya shafi talaka da sunan da kuka ba gari?" Ya shafe shi ƙwarai, ga kuwa yadda ya shafe shi.

Gari yana girma yadda ya ga dama, iyakar hukuma kuwa tana nan inda aka shata ta. Wannan shi ne ciwon kowace gamayya. A 1954 aka ware Ikko ta zama ƙasar Tarayya, amma Mushin da Ikeja da Agege suka zauna a ƙarƙashin Jihar Yamma. Ƙidayar 1963 ta sami mutum kimanin 665,000 a cikin Ikko, alhali dubban masu aiki a cikinta a waje su ke kwana, a ƙarƙashin gwamnatin da ke Badun. Da aka kafa Jihar Legas a 1967 aka haɗa su, sai aka ce an huta. Ina! Gari ya ci gaba da tafiya, ya tsallake sabuwar iyakar, ya shiga ƙasar da ta ke Jihar Ogun a yau, ya gamu da Ota da Akute da Agbara, ya bi babbar hanyar Badun wadda aka buɗe a 1978, ya mai da Ibafo da Mowe unguwanni. Yanzu a dubi abin da ya biyo baya. Dokar ƙasa ta ce harajin albashi na jihar da mutum ke zaune ne, ba wadda ya ke aiki ba. Ke nan mutum ya wuni yana taka hanyar wannan jiha, harajinsa na waccan ne. In kuwa ma'aikatarsa ta kai kuɗin inda ba nan ya kamata ba, unguwar da ya ke kwana ta rasa abin gyaran lambatu. Ruwan famfon Ikko, mai yawa daga cikinsa daga kogin Ogun a ke jawo shi. In an saki ruwa daga madatsar Oyan da damina, ambaliya ba ta tsayawa ta tambayi mai gida ko shi ɗan wace jiha ne. Haka shara, haka annoba, haka ɓarawo. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A Abuja ma haka zancen ya ke. An tsara birnin a takarda bayan dokar 1976, gwamnati ta tare a cikinsa a 1991. Amma masinja da direba da malamin makaranta ba su iya kuɗin hayar cikin gari, sai suka cika Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, da Suleja da Madalla a Jihar Neja. Kowace safiya su ɗunguma su shiga, kowace yamma su ɗunguma su fita, hanya ta cushe. Wa ke da alhakin makarantar 'ya'yansu da asibitin matansu? Birnin da su ke wa aiki ya ce ba a ƙasarsa su ke ba. Jihar da su ke kwana ta ce ba da su aka yi mata kasafi ba. Mutumin da bai san kalmar gamayya ba, sai ya ɗauka wannan rashin sa'arsa ne shi kaɗai. Wanda ya san ta kuwa ya san ciwo ne mai suna, ya san waɗansu sun yi fama da shi, ya san abin da zai tambayi mai neman ƙuri'arsa.

Waɗansu ƙasashe sun nemi magani, ba kuwa a kwana ɗaya suka same shi ba. Garuruwan Ruhr sun kafa hukumar haɗin gwiwa tun 1920 don ta lura da manyan hanyoyi da filayen da ba za a yi gini a kansu ba, ba tare da an rushe hukumar ko gari ɗaya ba. A Holan, Amstadam da Rotadam da Hague da Utrecht sun yi zobe, aka yi ta ƙoƙarin tsare gonakin da ke tsakiyar zoben kada gini ya cinye su. Landan ta sami majalisa ɗaya a kan gundumominta 32 a 1965, aka rushe ta a 1986, aka ga abin bai yi ba, aka sake kafa wata hukuma da magajin gari a 2000. A nan gida, gwamnonin Legas da Ogun sun sa hannu a kan yarjejeniyar kafa hukumar raya ƙasa ta haɗin gwiwa a 2021. Sa hannu abu ne mai sauƙi, aiki shi ne magana. Masu sa a yi aikin kuwa su ne jama'ar da suka fahimci dalilinsa. Su wa za su fahimtar da su in ba mu ba?

Akwai kuma wani haɗari da na ke so in ja kunne a kansa. Kalmar nan ta uku ta zama kamar rawani. Kowane gari so ya ke a naɗa masa, kowane mai mulki so ya ke a ce a zamaninsa aka naɗa. Kun tuna rigimar ƙidayar 2006, sa'ad da hukumar ƙidaya ta ba Jihar Legas mutum miliyan 9 da 'yan kai, gwamnatin jihar kuwa ta ce nata lissafin ya ba ta miliyan 17 da rabi. Ba ni ne zan raba wannan gardama ba. Abin da na ke cewa shi ne, miliyan 10 ba sarauta ba ce, kaya ne. Baki miliyan 10 ne masu neman ruwa, da yara masu neman aji. Garin nan na Girka da aka raɗa wa suna "birni mai girma" tun ranar da aka kafa shi, sunan bai tsare shi ba: mayaƙan Sparta suka rushe shi bayan shekara kamar 150, bai kuma sake komawa yadda ya ke ba, yau ɗan ƙaramin gari ne. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Shi ya sa na fi son mu riƙa sa kalmar gamayya a bakin yara fiye da ta ƙasaita. Ta ƙasaita tana koya alfahari, ta gamayya tana koya haƙƙin maƙwabtaka. Tana kuma kwantar da hankalin mutumin Ota ko na Bukur, wanda ke tsoron kada a ce garinsu ya ɓace cikin na wani. Bai ɓace ba. Yana nan da sarkinsa da kasuwarsa da tarihinsa, ya dai sami abokan zama ne waɗanda ba shi da ikon rabuwa da su.

Saura yadda za mu koyar da shi, don shawara ba aiki ba ta da amfani. Kada malami ya fara da allo. Ya fita da yara waje, ya sami wuri mai rairayi, ya ajiye duwatsu huɗu nesa da juna, ya ce kowanne gari ne, ya ja layi tsakaninsu ya ce hanya ce. Sa'an nan yara su riƙa ƙara tsakuwa a gefen kowane dutse da kuma bakin layin, har tsakuwar wannan ta taɓa ta wancan. Ya tambaye su, "Yanzu gari nawa ne?" Waɗansu za su ce huɗu, waɗansu su ce ɗaya. Ya bar su su yi gardama, gama gardamar nan ita ce darasin. In ta yi zafi, sai ya ba su kalmar. Bayan wannan ya aiki kowane yaro gida da tambaya biyu: ina mutanen gidanku su ke zuwa aiki, kuma, ga wanda ya fi kowa tsufa a unguwa, ina daji ya fara sa'ad da ya ke yaro? In makaranta tana da tsohuwar taswira, a shimfiɗa ta kusa da hoton garin da a ke samu a intanet, wanda aka ɗauka daga sama. Gani ya kori ji. Daga ƙarshe a ba su sharuɗɗan nan uku su auna garinsu da kansu: da can dabam-dabam su ke? Gininsu ya gamu? Abincinsu ya haɗu? Yaron da ya amsa waɗannan, ko a tsakar dare ka tashe shi ba zai ce maka "babban birni" ba.

Ban ce kalmomin nan uku da na kawo su ne ƙarshen magana ba. Kalma ba ta zama da ƙarfin wanda ya ƙago ta, sai in jama'a sun karɓa. Mai yiwuwa ne a cikinku akwai wanda ya ji wata a bakin tsofaffin garinsu, ko a tasha, ko a rediyo, wadda ta fi tawa daɗi da gajarta. In akwai, ina roƙonsa ya aiko wa Edita da ita a buga a fitowa ta gaba, mu auna ta da sharuɗɗan nan, in ta fi, mu bi. Abin da ba na so shi ne mu fita daga wannan kwaleji, a rarraba mu makarantu, kowa ya je yana faɗin tasa, ko kuwa ya yi shiru ya bar yara da hadda. Yaran da za mu koyar, da yawansu a cikin gamayyar garuruwa za su yi zamansu, su yi aure, su biya haraji, su jefa ƙuri'a. Ya kamata su san sunan inda su ke zaune. Tun ran gini, tun ran zane.